Yaro na ji amma bai kamawa: abin da za ku gwada a gida

Akwai yaron da kunne nai lafiya lau, ko leda ta motsa a ɗaki sai ya waiga, amma ki aike shi ya ɗauko buta ya zuba ruwa ya kai wa baba zaure, sai ya dawo da buta ba ruwa shina kallonki. Kafin a ce daƙiƙi ne a dakata tukuna, kunne ɗauko sauti kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ce ke rarrabe shi ta riƙe ta ba shi ma'ana, kuma karatun boko daga nan yake farawa, don wanda bai jin bambancin baki da baƙi, ko bari da ɓari, in ya ga harafin a allo mi zai haɗa shi da shi?

Ku fara da asibiti. Ciwon kunne mai zubar da ruwa ko mura mai yawan dawowa na toshe ji, yaro ya yi watanni shina jin magana kamar daga cikin rijiya. Sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na Jami'ar Ɗanfodiyo suna duba wannan. Gwajin yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa sauti kuwa galibi sai yaro ya kai shekara 7.

In kunne lafiya, sai a koma gida. Kashe rediyo, a yi nisa da janareta, ki kira sunanshi ya dube ki kafin ki yi magana, aike ɗaya ɗaya, ya maimaita miki da bakinshi, in ya saba a ƙara na biyu.

Wasan sauti shi ne babba, a yi shi bayan magariba, minti 10 ya isa. Ku tafa gaɓoɓi, Sak-kwa-to tafi uku, tu-wo tafi biyu. Ki ce mi zai rage in an cire "ta" daga tasa, ko ya kawo kalmomi masu farawa da sauti ɗaya da gero. Ni dai na fi son a yi shi ba littafi a hannu, da zarar yaro ya ga takarda jikinshi ya mutu. Sai ya iya da kunne sannan a nuna harafi, da Hausa tukuna, Turanci ya biyo baya.

Hadda kuma kar ta ruɗe ku, yaro na iya rera shafi guda da ka bai gane harafi ko ɗaya ba, ki nuna mishi kalma daga tsakiyar layi ki gani. A roƙi malam ya zaunar da shi gaba, nesa da taga.