Idan Burauza Ta Riƙa Rufewa da Kanta, Kada a Yi Gaggawar Yi wa Kwamfuta Fomatin

A shagunan buga takardu da ke kan titin Bauchi, kusa da Jami'ar Jos, kukan da ake yawan ji daga bakin ɗalibai shi ne mutum yana tsakiyar cike fom ɗin rajista sai burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta rufe da kanta, duk abin da ya rubuta ya bi ruwa. Shawarar da aka fi saurin ba shi kuwa ita ce a yi wa kwamfutar fomatin, wato a goge duk abin da ke cikinta a sake saka Windows. Wannan shawara tana damuna ƙwarai, domin sau da yawa ana share ayyukan mutum na shekaru saboda matsalar da za a iya gano tushenta cikin rabin sa'a, matuƙar an bi ta a hankali, ana sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji.

Ka fara da lura da yadda matsalar take zuwa. Tun fitowar burauzar Chrome a shekarar 2008 aka gina ta yadda shafuka ke aiki a rarrabe, ta yadda mutuwar ɗaya ba za ta ja sauran ba. Saboda haka idan shafi guda ne ya mutu, ya nuna maka saƙon nan na Aw, Snap!, alhali sauran suna aiki, laifin ya fi karkata ga wannan shafin ko ga ƙarancin ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe ayyukan da take yi a lokacin. Idan burauzar ce gaba ɗaya take ɓacewa, sai a zargi ƙananan manhajojin da ake liƙa mata, wato ekstenshan, ko direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa ɓangaren nuna hoto, ko lalacewar furofayil, wato wurin da burauza ke adana bayananka da saitinka. Idan kuwa kwamfutar ce kanta take daskarewa ko mutuwa, to burauza ba ta da laifi, ita ce kawai ta tona asirin ciwon.

Batun ram ya cancanci a tsaya a kansa, domin da yawa daga cikin kwamfutocin hannu na biyu da ake saya a wajejen Taminus, a tsakiyar garin Jos, da gigabait 4 suke zuwa, kuma Windows kaɗai tana cinye kaso mai tsoka kafin a buɗe komai. Wanda ya buɗe shafuka ashirin, ga YouTube ga WhatsApp na kwamfuta, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. A cikin Chrome ka danna Shift da Esc tare, za ka ga jerin kowane shafi da kowane ekstenshan da adadin ram da yake ci, kuma daga nan za ka iya kashe wanda ya fi haɗama. Sannan ka shiga Settings, ɓangaren Performance, ka kunna Memory Saver, wanda ke kwantar da shafukan da ka daɗe ba ka leƙa ba. Idan da hali, ƙara ram zuwa gigabait 8 ya fi kowace dabara tasiri.

Daga nan sai ekstenshan. Ka danna Ctrl da Shift da N, taga ta sirri za ta buɗe, wadda a bisa tsari ekstenshan ba sa aiki a cikinta sai wanda ka ba izini. Ka yi aikin da ka saba yi a lokacin da take rufewa. Idan ta tsaya lafiya, ka rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, ka kashe su duka, sannan ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. A ganina, waɗanda suka fi cancantar tuhuma su ne masu sauke bidiyo kyauta da masu alƙawarin VPN na kyauta, musamman wanda ba ka tuna ranar da ka saka shi ba. Mai amfani da burauzar Firefox yana da hanya mafi sauƙi, domin idan ya riƙe Shift yayin buɗe ta, za ta tashi a yanayin Troubleshoot Mode, wanda ekstenshan ba sa aiki a cikinsa.

Idan wajen kallon bidiyo ko taron Google Meet take faɗuwa, ka shiga Settings, ɓangaren System, ka kashe zaɓin graphics acceleration, ka sake buɗe ta. Tsofaffin katunan hoto sukan gaza ɗaukar aikin da burauza ke miƙa musu.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar mu a nan, wato ɗauke wuta. Kwamfutar tebur da ba ta da UPS, wato na'urar da ke riƙe mata wuta na ɗan lokaci, ko ta cinya wadda batirinta ya mutu, idan wuta ta ɗauke a daidai lokacin da burauza ke rubuta bayanai, furofayil ɗin yana iya lalacewa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne cire Chrome a sake saka ta ba ya goge wannan furofayil, sai an zaɓi goge bayanai a lokacin cirewa, shi ya sa ciwon yake dawowa. Gwajin da ya dace shi ne ka danna hoton furofayil a kusurwar dama ta sama, ka buɗe sabo, ka yi aiki da shi kwana ɗaya. A Firefox kuwa, ka rubuta about:support ka danna Refresh Firefox, wanda ke cire ekstenshan amma ya bar maka kalmomin sirri da shafukan da ka adana. Duk da haka, ka ajiye kwafinsu tukuna.

Ka kuma duba shekarun Windows ɗinka. Chrome 109, ta watan Janairun 2023, ita ce ta ƙarshe da ke aiki a kan Windows 7 da 8.1, kuma a Firefox sigar 115 ce ta ƙarshe. Wanda yake kan waɗannan, sababbin shafuka za su ci gaba da ba shi wahala.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a koma ga na'urar kanta. Sanyin Jos yakan sa mutane su ɗauka kwamfuta ba ta yin zafi a nan, alhali ƙurar hunturu tana toshe fanka, kuma mai ɗora ta a kan bargo yana rufe mata hanyar iska. Ka sa hannu a bakin fankar ka ji ko iska na fita. Sannan ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta mdsched, ka bar ta ta sake tashi ta gwada ram. Idan gwajin ya nuna kuskure, ka kai ta wurin mai gyara, ka gaya masa dalla-dalla abin da ka gwada da sakamakon kowanne, ka ce ya share fanka ya canza ram ɗin, kuma kada ya taɓa had-dis, wato ma'ajiyar fayilolinka, sai ya tambaye ka.