Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa katin gaisuwa da hannu

Katin farko da na haɗa na saukar Alƙur'anin 'yar yayata ne. Na sayo kwali, na roƙo guntayen atamfa wajen telan unguwarmu, na lafta farin gam, na bi da fenti, na kwanta ina ganin na gama. Da gari ya waye sai na tarar katin ya kanannaɗe kamar ganyen da rana ta ƙona, shuɗin atamfar kuma ya zuba a kan farin gefe. Yaya ta juya shi gaba da baya ta ce, "Ƙanwata, wannan kati ne ko mafici?"

Kusan duk ɓarnar wannan aiki daga ruwa take. Gam ruwa ne, fenti ruwa ne, tawada ma haka. Idan gefe ɗaya na takarda ya jiƙe sai ya kumbura, ɗaya gefen yana nan yadda yake, dole ta lanƙwashe. Wanda ya gane wannan ya rage wa kansa rabin wahala.

Masu koyo sun fi faɗawa ramin takarda mara kauri. Ta fotokwafi, wadda ake rubuta 70 ko 80 gsm (ma'aunin nauyin takarda) a jikin kwalinta, ba ta iya ɗaukar gam da ƙyalle da fenti lokaci guda. Jikin kati yana son kwali mai 250 zuwa 300. Ko da kin samu mai kaurin, kada ki yi aikin ruwa a kansa kai tsaye. Yanki wani falle daban, ɗan ƙarami da kaɗan, ki yi duk fentinki da liƙe-liƙenki a kai. In ya sha iska, sa shi tsakanin fararen takardu biyu, ki danne da manyan littattafai ya kwana. Washegari sai ki manna shi a fuskar katin da salatif mai gam fuska biyu. Wani amfanin wannan dabara: idan aikin ya ɓaci, falle ɗaya kika yi asara.

Sai gam. Mutane na ganin yawansa ne ke sa riƙo, alhali yawan ne ke hudowa ta cikin ƙyalle ya bar tabo mai sheƙi. Ɗiga kaɗan, ki baje shi da tsohon katin ATM har ya zama kamar ba a shafa komai ba, ki ɗan jira ya fara danƙo kafin ki ɗora ƙyallen. Kowane abu kuma da gam ɗinsa. Farin gam irin su Top Bond na ƙyalle ne da kwali. Gam na sanda, wanda ake murzawa, na takarda mai laushi ne. Bindigar gam ta maɓalli ce da duwatsun ado, ita ma ɗigo ɗaya, in ba haka ba ta bar tudu. Sufa gulu kuwa ki nisanta shi da wannan aiki gaba ɗaya: yana barin farin dishi-dishi a kewayen dutse, in ya taɓa auduga kuma zafi yake ɗauka har ya ƙona yatsa.

Kuskurena na wancan dare shi ne sabuwar atamfa da ban wanke ba. Sitatin jikinta na hana gam kamawa, rininta kuma na zuba da zarar ya ji laima. A wanke, a shanya, a goge. Sannan a manna ta a kan takarda mara kauri, a bari ta bushe, kafin a yanka siffar da ake so. Ta haka almakashi ke fitar da baki sumul, ba zare na zazzarowa.

Rubutu ma na jawo hawaye. Za ki ga mutum ya tsara "Barka da Sallah" da kyakkyawan hannu, ya zo ya bi da fentin ruwa, haruffan su narke. Duk wadda ta taɓa wanke allo ta san dalili. Tawadar da aka haɗa da ƙaro ruwa na kwance ta, kuma ƙaron nan shi ne ke riƙe da launi a fentin ruwa. Yawancin tawadar alƙalamin maka ta 'yan makaranta ma ba ta jure ruwa. Saboda haka rubutu ya zo ƙarshe, bayan komai ya bushe ƙarau, ko a nemi alƙalamin da ruwa ba ya taɓa tawadarsa. A gwada a guntun kwali tukuna: ja layi, jira minti biyu, shafa jiƙaƙƙen buroshi. Ni dai ba na rubuta aya a kati, don ban san inda zai ƙare ba bayan biki. Addu'a da Hausa ta wadatar.

Wajen naɗi, kada ki kama kwali mai kauri ki lanƙwasa da hannu, bayansa tsagewa yake. Ɗora rula, ki ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, ki naɗe a kan layin, ki murje da bayan cokali. Kwali yana da ɓangaren da ya fi yarda da lanƙwasa. Ɗan tanƙwara shi ta tsawo da ta faɗi za ki ji, sai ki bi mai sauƙin.

Akwai kuma masu gama kati tsaf sannan su shiga kasuwa neman ambulan. Ambulan ake fara samu. Raba kwali mai girman takardar A4 biyu, ki naɗe rabin, ya ba ki kati mai santimita 10.5 da 14.8, wanda ke shiga ambulan ɗin da ake kira C6, mai 11.4 da 16.2. Saura kaɗan ne, don haka manyan furanni da tulin duwatsu ba za su shiga ba.

Tulin adon nan ma kuskure ne mai zaman kansa. Leshi, ƙyalƙyali, maɓalli, zare, duk a fuska ɗaya, ido ya rasa inda zai sauka. Zaɓi launi biyu ko uku daga jikin atamfar, ki bar fili.

Yanayi na da nasa hukuncin. Da hunturu fentin akirilik, wanda ke zama kamar roba in ya sha iska, na bushewa a bakin buroshi, ƙura kuma na manne wa gam, don haka a matso kaɗan-kaɗan, a kifa kwano a kan aikin. Da damina abin da ke bushewa cikin awa guda sai ya wuni. Kada gaggawa ta sa ki kai shi rana ko ki ɗora dutsen guga a kan fenti. Kada kuma ki ɗaure shi a leda da sauran danshi, fumfuna zai yi. In katunan da yawa ne, sa farar takarda tsakanin kowane biyu, domin akirilik na manne wa ɗan'uwansa ko bayan ya bushe.