Idan tsohonka ya samu naƙasa, ga yadda za ka tsaya masa kan haƙƙinsa

Kawuna ya yi shekara talatin da wani abu yana koyarwa a firamare, ya yi ritaya lafiya ƙalau yana zuwa masallaci da ƙafarsa, kwatsam hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane abin da yake faɗa. Wata shida muna jinya babu wanda ya taɓa kallonsa a matsayin mai naƙasa, kowa cewa yake ai tsufa ne, jiki da jini, Allah ya ƙara sauƙi. To wannan "tsufa ne" ɗin ita ce abu na farko da nake so ku ajiye gefe, domin a wurin doka wanda ya makance yana da shekara 70 saboda hawan jinin ido, ko kunnensa ya mutu, ko ƙafa ta daina ɗaukarsa, matsayinsa ɗaya da wanda aka haifa da lalurar, duk abin da aka tanadar wa masu buƙata ta musamman shi ma nasa ne.

Dokar da nake nufi ita ce ta hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Duk mutumin da ya nuna wa wani wariya saboda naƙasarsa, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata 6 ko a haɗa masa duka biyun, in kuma kamfani ne ko ma'aikata tarar miliyan 1 ce, kuma wannan bai hana wanda aka zalunta shigar da ƙarar neman diyya ba. Ta ce a layi, na banki ne ko na asibiti, su za a fara sallama. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara yadda keken guragu zai iya shiga, wa'adin nan ya cika tun Janairun 2024, saboda haka in ka je da tsohonka wani ofis aka ce a ciccibe shi a hau bene da shi kamar buhu, ka sani ba alfarma kake roƙo ba in ka ce ma'aikacin ya sauko ya same shi. Jihohi da dama su ma sun yi tasu dokar, Filato tun 2005, sannan irin su Bauchi da Jigawa da Kano da Kaduna, in za ka yi magana a ofishin jiha gara ka nemo ta jiharku ka riƙe.

Amma fa baki kawai ba ya aiki, takarda ce ke magana. Ka koma wurin likitan da ke duba shi a asibitin gwamnati ka nemi rahoto a rubuce mai hatimi, wanda ya faɗi ciwon da kuma abin da ba ya iya yi yanzu, in hankalinsa lafiya lau yake dan Allah a rubuta haka ƙarara, zan faɗi dalili a ƙasa. Da wannan rahoton ake neman takardar shaidar naƙasa a hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa, NCPWD, wadda dokar ta kafa. Ka haɗa da lambar NIN da BVN da takardun fansho da na gida ko gona, ka yi fotokwafi, ka ɗauki hotonsu a waya, na ainihin kuma a bar su inda shi mai abin ya ce a ajiye, ba inda babban ɗa ya ga dama ba.

Nan ne na zo wurin da ya fi damuna, wallahi yawancin zaluncin da ake yi wa tsoho mai naƙasa ba a ofis ake yi ba, a tsakar gida ake yi. Ana fara shi da "Baba kawo katin in ciro maka", daga nan lambar sirri ta koma hannun mutum ɗaya, layin da alat ke shigowa ma ya koma wayarsa, shikenan Baba bai ƙara sanin nawa ya shigo nawa ya fita ba. Mutuwar hannu ko ido ba ta cire wa mutum iko da dukiyarsa, ko a boko ko a Musulunci, matuƙar yana cikin hankalinsa shi ke da ta cewa, ya sayar, ya bayar, ya hana. In yana so wani ya riƙa je masa banki to a yi wakilci a rubuce, shi da bakinsa ya zaɓi wanda yake so, a gaban shaidu, a faɗi iyakar abin da wakilin zai yi, kuma alat ya riƙa zuwa wayar wani daban ba ta mai riƙe da kati ba, wannan ƙaramar dabarar kaɗai ta kashe mana rigima a gidanmu. Duk takardar da za a sa makaho ko wanda ba ya karatu ya dangwala wa yatsa, dole a karanta masa ita cikin harshen da yake ji, a rubuta a jikinta cewa an karanta masa ya gane, da sunan wanda ya yi tafinta, in ba a yi haka ba lauya na iya ƙalubalantarta a kotu.

In kuma abin ya kai ga ƙwaƙwalwa ta ruɗe, ba ya gane mutane, ba ya gane kuɗi, to a lokacin wakilci ba ya yiwuwa tunda mai hankali ne ke wakiltawa, kuma ba taron 'ya'ya ne zai yanke cewa Baba ya gigice a karɓe komai ba. Kotu ake zuwa da rahoton likita, alƙali ya naɗa wanda zai kula da dukiyar, a kashe ta kan mai ita, abincinsa da maganinsa da mai jinyarsa. Gado dai sai bayan rai, duk wanda ya ce a raba gida tun yanzu "don kar a yi rigima daga baya" ku tambaye shi ina mai gidan zai kwana. Kyautar da mutum ya yi yana kwance cikin ciwon ajali ma hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi. Sannan ciyar da iyaye marasa hali wajibi ne kan ɗan da ke da hali, uwa ko uba na da damar kai ƙara kotun shari'a a yanka musu, na san da wuya iyayenmu su yarda su kai ɗan cikinsu gaban alƙali, kunya da kawaici ba za su bari ba, shi ya sa ake fara bi ta kan kawunnai da mai unguwa da limami, ko Hisba a inda take, su zaunar da ɗan. A dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wato VAPP, wadda ke aiki a Abuja kuma jihohi da yawa suka yi irinta, yin watsi da wanda ke ƙarƙashin kulawarka ba ci ba sha laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara 3. Ɗaukar tsoho makaho ko gurgu a ajiye shi bakin titi yana bara ana karɓe kuɗin da yamma, shi ma dokar 2018 ta haramta, ko da ɗansa ne ke yi.

Maganar fansho, kar ka bari a dakatar masa don ya kasa zuwa tantancewa. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da ke ƙarƙashin PTAD, hukumar da ke biyan fansho na tsohon tsari, yanzu ta waya ake tabbatar da suna raye, a ɗauki hoton fuska, kuma akwai tsarin bin marasa lafiya har gida ko asibiti. Na jiha da ƙananan hukumomi irin kawuna kowace jiha da tsarinta, abin da muka yi shi ne muka rubuta wasiƙa tun kafin ranar, muka liƙa rahoton likita da hotonsa, muka nemi a zo gida, muka kuma tsaya sai da aka buga mana hatimin karɓa a kwafinmu.

Asibiti kuwa, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi da masu naƙasa cikin masu rauni da ya kamata a biya wa, ana yin rajistar ne ta hukumomin jiha kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, ka je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku da NIN ɗinsa ka tambayi yadda ake shiga, gurbin yakan yi kaɗan, wanda ya riƙa bibiya shi ke samu. Mai lalurar ƙwaƙwalwa kuma dokar 2018 ta ce kyauta za a duba shi a asibitin gwamnati, ka faɗa musu haka ko da za su ce ba su taɓa ji ba. Ranar zaɓe ma ba ya bin layi, kuma in ba ya gani shi zai zaɓi wanda zai raka shi ya dangwala.

In an take masa haƙƙi an ƙi gyarawa, rubuta ranar da wurin da abin da aka ce da sunan wanda ya gani, ka kai koke ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa da ke jiharku ko NCPWD, ba a biyan ko sisi. In babu kuɗin lauya akwai Legal Aid Council, hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta, aikinsu ke nan, in matsalar ta ma'aikatar gwamnati ce akwai hukumar karɓar koke-koken jama'a. Ka nemi reshen JONAPWD na jiharku, ƙungiyar masu naƙasa ce kuma sun san ƙofar kowane ofis fiye da ni da kai, haka sarkin makafi ko sarkin guragu na garinku.

Kafin duk wannan zirga-zirgar dai ka shiga ɗakinsa ka zauna ka ce "Baba, ga abin da nake so in yi, ka yarda?" ka jira amsa ko da za ta ɗauki minti biyar kafin ta fito. Ranar da na yi wa kawu haka kan maganar banki, ashe ba babban ɗansa yake so ya riƙe katin ba, autarsa mace yake so, kuma ita ke riƙe da shi har yau.