Karatun Aikin Jaridar Wasanni a Ingila: Abin da Za Ka Tarar Idan Ka Sauka

Duk watan Satumba sai wani ɗan'uwa da ya sauka Ingila domin digiri na biyu a aikin jaridar wasanni ya neme ni, kuma tambayar farko ba ta canzawa: yaushe za a fara tura mu Old Trafford ko Emirates? Na san daɗin da ke cikin wannan tambaya, domin ni ma a gidan kallon ƙwallo na tashi, da irin wannan zumuɗin kuma na hau jirgi. Amma gara ka ji tun ba ka kwance kaya ba: sanin ƙwallo shi ne mafi ƙanƙantar abin da za a nema a wurinka. Kowa a ajinku ya san ƙwallo. Abin da ka biya kuɗin koyo sana'ar hannu ce, kamar ɗinki, kuma a ƙananan filaye ake koyon ta, ranar Asabar, sau da yawa cikin yayyafi.

Kwas ɗin shekara guda ne. Jami'o'i irin su Liverpool John Moores, Sheffield Hallam, Sunderland da St Mary's da ke Twickenham sun yi suna a wannan fanni. A makon farko ka tambayi shugaban kwas ɗinku ko yana da amincewar NCTJ, wato hukumar horar da 'yan jarida da aka kafa a 1951. Editoci da yawa a nan sun fi duba difilomar wannan hukuma a kan kwalin jami'a. Idan kwas ɗinku yana haɗawa da jarrabawarta, kada ka ɗauke ta a matsayin ƙari; ita ce gishirin miyar.

Darussa biyu ne suka fi ba ɗalibanmu mamaki. Na farko shi ne rubutun gaggawa da ake kira Teeline, inda ake so hannunka ya kai kalma 100 a minti ɗaya. Za ka ce ai akwai waya mai naɗar murya. Akwai, amma koci zai yi magana ta minti huɗu bayan an tashi wasa, edita kuma yana jiran kalamansa nan take, ba ka da lokacin komawa kana sauraro. Wanda ya yi karatun allo ya san sirrin wannan darasi: bita kullum, ko da ta rabin awa ce, ta fi zaman wuni guda a ƙarshen mako. Wanda ya bari sati biyu suka wuce bai taɓa alƙalami ba, kamo 'yan aji zai yi masa wuya.

Na biyu shi ne dokar aikin jarida, kuma a nan nake roƙon ka nutsu sosai. Mun saba a gida a ce alƙalin wasa ya karɓi na goro, ko shugaban ƙungiya ya cinye kuɗin 'yan wasa, a faɗa a rediyo a wuce wurin. A Ingila, ƙarƙashin dokar ɓata suna ta 2013, idan aka kai ƙara kuma ka ce gaskiya ka rubuta, kai ne za ka tabbatar wa kotu da haka. Akwai kuma dokar raina kotu ta 1981: da zarar an kama mutum, duk abin da zai iya karkata tunanin masu taya alƙali yanke hukunci ya zama haɗari a wallafa shi. Gudun faɗawa hannun doka ne kuma ya sa za ka ga jarida ta ce "wani ɗan wasan Firimiya" ba ta kama suna ba, alhali a dandalin sada zumunta kowa yana ta faɗa. Wanda ya yi ƙorafin an ci zarafinsa ta hanyar lalata kuwa, doka ta hana bayyana shi har ƙarshen rayuwarsa. Waɗannan dokoki sun shafi abin da ka rubuta a Facebook da X, ko da Hausa ka rubuta shi.

Yanzu batun Asabar. Shiga wurin zaman 'yan jarida a wasannin Firimiya sai da izini ta hannun kamfanin Football DataCo, kuma ba a cika bai wa wanda ba shi da gidan jarida a bayansa ba. To amma ƙasan manyan rukunoni huɗu na gasar ƙwallon Ingila akwai ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi, kusan kowane gari da tasa, kuma da yawansu suna neman wanda zai rubuta musu rahoton wasa. Ka aika wa sakataren ƙungiyar garinku saƙo, ka gabatar da kanka a matsayin ɗalibi. Wanda ke Sheffield ya yi sa'a: Sheffield FC, da aka kafa a 1857, ita ce ƙungiyar ƙwallon ƙafa mafi daɗewa a duniya, maƙwabciyarta Hallam FC kuma tana wasa a filin Sandygate tun 1860. A irin waɗannan filaye za ka gaisa da koci hannu da hannu, ka tambayi mai tsaron raga abin da ya faru, ya tsaya ya ba ka amsa. Ana fara wasa da ƙarfe uku, kuma doka ta ƙwallon ƙasar ta hana nuna wasa kai tsaye a talabijin daga 2:45 zuwa 5:15 na yammacin Asabar, domin mutane su fita su kalli ƙungiyoyin garuruwansu.

A nan za ka koyi rahoton da ake aikawa da busa usur na ƙarshe. Kana kallo kana rubutu, ka bar sakin layi na farko sai can kusa da tashi. Rahotona na farko na gama tsara shi a kan canjaras, sai aka zura ƙwallo a minti na 89, yatsuna sun ƙage saboda sanyi, ban ma ga lambar wanda ya ci ba. Wani dattijo mai sayar da takardar shirin wasa ne ya faɗa mini sunan. Tun daga ranar nake karɓar jerin sunayen 'yan wasa tun kafin a fara, in rubuta lambobinsu da manyan baƙi a shafi guda, in kuma tafi da safar hannu mai yankakkun yatsu da fensir, domin biro ba ya rubutu a kan jiƙaƙƙiyar takarda.

Ka shirya wa sallarka ma. Daga ƙarshen Oktoba, idan aka mayar da agogo baya da awa guda, rana tana gajarta, har a Disamba ta faɗi kafin ƙarfe huɗu. Ma'ana, ka yi azahar da la'asar kafin a take ƙwallo, magariba kuma ta same ka a hutun rabin lokaci. Ka fito da alwalarka da ƙaramar darduma, ka tambayi mai kula da fili wani lungu. Ban taɓa tambaya an hana ni ba. Lamarin ba baƙo ba ne a ƙwallon Ingila yanzu: a Afrilun 2021 an ɗan dakatar da wasan Leicester City da Crystal Palace domin Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté su sha ruwa. Bayan wasa kuma a mashayar ƙungiya ake taruwa ana hira, a can labarai ke fitowa. Wasu 'yan'uwa suna shiga su karɓi lemo su yi gaisuwa su fita, wasu sun gwammace su tare koci a bakin fili. Abincin da ake sayarwa kuwa ka riƙa tambaya, naman alade yana da yawa a ciki.

Abin da ya fi damuna game da sababbin zuwa shi ne sharaɗin biza. Bizar ɗalibi ta ba ka damar aiki na awa 20 a mako lokacin karatu, amma ta haramta sana'ar ƙashin kai. Aikin jaridar wasanni kuwa yawancinsa haka yake tafiya: ka rubuta rahoto, ka aika takardar neman biya, a turo maka kuɗi. Wannan shi ne ainihin abin da aka hana ka, komai ƙanƙantar kuɗin. Idan wani gidan jarida yana son biyan ka, sai ya ɗauke ka ma'aikaci, yana cire haraji daga albashinka. Haka nan ba a yarda ka yi aikin koci ko ɗan wasa na albashi ba. Kafin ka karɓi ko sisi, har daga wata kafa ta gida Najeriya ko Nijar, ka je ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje na jami'arku ka tambaya, ka kuma nemi amsar a rubuce. Bizar da ake nema bayan kammala karatu ita ce ta halatta aikin ƙashin kai. Shekara biyu ce, kuma gwamnati ta sanar da rage ta zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Mai iyali ya sani, tun Janairun 2024 ɗalibin irin wannan kwas ba ya iya taho da mata da 'ya'ya a kan bizarsa.

Sauran hidimomin makon farko ba su da wuya: ka yi rajista da likitan unguwa, tunda ka riga ka biya kuɗin lafiya tare da biza, ka nemi lambar inshorar ƙasa, wato National Insurance, wadda ake amfani da ita wajen albashi da haraji, ka karɓi takardar da ke cire ɗalibi daga harajin gida na ƙaramar hukuma. Ka sayi katin rangwamen jirgin ƙasa na 'yan shekara 16 zuwa 25, wanda ɗalibi mai karatu na cikakken lokaci yake samu ko ya haura waɗannan shekaru, yana rage kashi ɗaya cikin uku, kuma tafiye-tafiyen Asabar za su nuna maka amfaninsa.

Kada ka tsaya a ƙwallon ƙafa ta maza. Za a iya tura ka wasan kurket, ko zari-ruga, wanda a garuruwan arewa irin su Wigan da St Helens ya fi komai farin jini, ko gasar mata. Ka zauna kusa da wani tsohon ɗan kallo ka ce masa baƙo ne kai, zai yi maka bayani har ya gaji. Hakan zai kuma saba wa kunnenka da karin harshen Liverpool ko Newcastle, wanda bai yi kama da Turancin da muka koya a makaranta ba. Ƙannena mata da suka zo wannan karatu, kujerar wurin 'yan jarida taku ce kamar ta kowa, ku nemi izinin shiga da kanku, kada ku jira a yi muku tayi.

Idan lokacin babban aikin ƙarshen shekara ya zo, ka tuna da abin da kake da shi wanda 'yan ajinku ba su da shi. Mutum goma za su rubuta a kan na'urar taimaka wa alƙalin wasa. Kai kaɗai ne za ka iya kiran ɗan dambe a Kano ko ɗan kokawa da ya yi gasar takobi a Nijar ka yi hira da shi da harshensa, ko ka bi sawun yaran da ke son taka hanyar Ahmed Musa, daga Kano Pillars har zuwa Leicester a 2016. Ka fara tara lambobin waya tun zangon farko, ka kai wa malamin da zai duba aikin shawarar kafin hutun Kirsimeti, domin jami'a sai ta tantance tsarin hirarrakin kafin ta ba ka izinin farawa, kuma wannan tantancewa tana ɗaukar makonni.