Kafin ka fasa kwamfuta, yi wa buta bayani

Salamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya kuskure ɗaya tak ya hana ni barci, tun bayan isha'i har aka kira assalatu.

Shafin shiga nake rubutawa da JavaScript, wani yaren rubuta manhaja, sai ya koma buɗe wa kowa ƙofa, ko ka sa kalmar sirri daidai ko ka buga shirme. Na zagi kwamfuta, na zagi intanet, har janareta sai da ya sha nasa. Ashe ni ne na sa = guda ɗaya a cikin if, wato umarnin da ke duba sharaɗi, maimakon ===. Guda ɗayan zuba ƙima take yi, ba kwatantawa ba, kuma JavaScript ba ta ce uffan ba, ta bar ni da halina.

Ga yadda na kama shi. Na ajiye buta a gabana, na dinga yi mata bayanin kod ɗin layi-layi da babbar murya: abin da layin yake yi, ba abin da nake so ya yi ba. Turawa agwagwar roba suke ajiyewa, ni buta ce a kusa. A layi na tara bakina ya tsaya cak. Uwargida dai ta leƙo tana tambayar ko lafiya.

Shawarata kuma, ka adana aikinka a Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod, kafin ka taɓa komai, kuma abu ɗaya za ka riƙa canzawa kana gwadawa.

Da Turanci irin wannan kuskure bug ake ce masa, wato ƙwaro. A 1947 masu aiki da kwamfutar Mark II a jami'ar Harvard ƙwaro na gaske suka ciro daga cikinta, suka manna shi a littafin aiki. Su dai sun ga nasu da ido.