Yadda ake bibiyar hawa da saukar yawan jama'a a yankin inabin Bordo na Faransa

Duk wanda ya ji sunan Bordo, gonakin inabi da giyar da ake matsewa ne ke faɗo masa a rai. Amma idan kai ɗalibi ne ko ɗan jarida, kana son sanin ko mutanen yankin ƙaruwa suke yi ko raguwa, akwai hanyar da za ka bi kada alƙaluma su ruɗe ka.

Da farko tsayar da iyaka, domin Bordo uku ce. Akwai birnin kansa, mai mutum wajen 260,000. Akwai Bordeaux Métropole, haɗakar garuruwa 28 da ta fara aiki da wannan suna a 2015, mai mutum fiye da 800,000. Sai kuma lardin Gironde, inda gonakin inabin suke, wanda jama'arsa ta haura miliyan 1.6. Yawancin kuskuren da nake gani daga nan yake tasowa: a ɗauki adadin wannan a kwatanta da na wancan.

Daga nan ka shiga shafin INSEE, hukumar ƙididdiga ta Faransa, ka rubuta Bordeaux da rubutun Faransanci, ka buɗe abin da suka kira "dossier complet". A ciki akwai jadawalin da zai jero maka shekarun ƙidaya: 1968, 1975, 1982, 1990, 1999, har zuwa na baya-bayan nan.

Kafin ka kwafi komai, fahimci yadda ake ƙirgar. Tun 2004 Faransa ta daina ƙidayar kowa da kowa a lokaci guda. Garin da bai kai mutum 10,000 ba, ana ƙirga shi gaba ɗaya sau ɗaya cikin shekara biyar. Manyan garuruwa kuwa, kashi 8 cikin 100 na gidajensu ake bi kowace shekara. Saboda haka kada ka kwatanta bana da bara. Bar tazarar shekara biyar ko fiye. Kuma kada ka wahalar da kanka neman addini ko ƙabila, ƙidayar Faransa ba ta tambayarsu.

Yanzu jera shekarun ka duba. Birnin Bordo yana da mutum wajen 267,000 a 1968, ya sauka zuwa wajen 208,000 a 1982, sannan ya riƙa farfaɗowa. Ba ƙarewa mutanen suka yi ba, ƙaura suka yi zuwa garuruwan gefe irin su Mérignac da Pessac. In ka ci karo da adadin da ya girmi 1965 a tsohon littafi, yi hattara, domin a shekarar ce aka haɗe garin Caudéran da birnin.

Mataki na gaba shi ne raba ƙaruwar gida biyu: rarar haihuwa a kan mutuwa, da rarar masu shigowa a kan masu fita. INSEE na ba da su a layi daban-daban. A Gironde baƙi masu shigowa ne suka fi ɗaga adadin, kuma ka tuna tun Yulin 2017 jirgin ƙasa mai gudu ya mai da tafiyar Paris zuwa Bordo ta koma kamar awa biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tsayawa a nan su ce yankin inabi na bunƙasa. Gangara ƙauyukan gonar tukuna. Buɗe shafin Saint-Émilion, garin da UNESCO ta sa yankinsa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. A 1968 mutanensa sun haura 3,000, yau ba su kai 2,000 ba, duk da 'yan yawon buɗe ido da ke cika titunansa. Duba jadawalin shekarun mazauna, sannan na gidaje, ka ga nawa ne babu kowa ciki, nawa ne na hutu kawai. Ma'aikatan da ke zuwa tsinkar inabi a watan Satumba kuwa ba za ka gan su a adadin ba, domin a farkon shekara ake ƙidaya, kuma a inda mutum yake zaune dindindin. Maimaita wannan ga Pauillac da Sauternes, wasu garuruwan inabi biyu na yankin, sannan ka ajiye su gefe da na birnin a takarda ɗaya.