Yadda za ka sa kamfanin kwasar kaya ya biya ka in ya ɓata maka kaya

Da farko dai tun kafin su ɗora komai a mota ka ɗauki bidiyon kayan da wayarka, firij, talabijin, kujeru, musamman kwanukan amarya da ke cikin shokes, su ne ke fara tarwatsewa.

Da an sauke kar ka sa hannu a takardar karɓa sai ka duba, kuma kar ka cika musu kuɗinsu. Ni wannan kuskuren na yi, na biya duka sannan na ga ƙofar firij a lotse, daga nan lambar direba ta daina shiga wallahi.

In ka ga ɓarna ɗauki hoto direban yana tsaye, rubuta lambar mota, ka tura wa manaja saƙo ta WhatsApp a ranar, tare da rasit da kuɗin da mai gyara ya yanka. A rubuce fa, magana ta baki tana da wuyar tabbatarwa.

Ka ba su sati biyu. In suka yi shiru ka kai ƙorafi hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, ko kotun ƙananan ƙararraki, Kano akwai ta. In kuma motar tasha ce kawai, shugaban ƙungiyar direbobin tashar ya fi saurin kawo direban.